Ko awannin tuƙa ƙaramin jirgin ULM na shiga lissafin lasisin matuƙi?

Ga matashin da ya taso a Guci ko wani gari na yankunan Magarya da Dungas da burin zama matuƙin jirgin sama, babbar matsalar ita ce kuɗi. Makarantar EAMAC da ke Yamai ta fi horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi, saboda haka masu neman tuƙi kan duba Kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko kuma su tsallaka Turai da Amurka. A can ne wasu ke karkata ga ƙananan jirage marasa nauyi da Faransawa ke kira ULM, domin awa ɗaya a cikinsu ta fi araha. Sai dai arahar kan iya zama asara idan hukuma ta ƙi lissafa awannin.

Ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta tanadi aƙalla awa 40 kafin a ba mutum lasisin matuƙi mai zaman kansa, wato PPL, da awa 200 ga lasisin sana'a na CPL, ko 150 idan an bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Ƙa'idar ta bar wa hukumar kowace ƙasa ikon yanke ko gogewar da aka samu a wani rukunin jirgi za ta rage waɗannan awanni, da kuma nawa za ta rage.

Shi ya sa amsar ke bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, jirgin kujera ɗaya da bai kai fam 254 ba, ana tuƙa shi ba tare da lasisi ba, kuma damar da aka bayar ta lissafa awanninsa wajen neman wasu lasisai ta ƙare a watan Janairun 2012. A Tarayyar Turai, PPL na buƙatar awa 45. Tun 2020 ana iya lissafa awannin wasu jiragen ULM wajen sabunta izinin wanda ya riga ya mallaki lasisi, wanda hakan ya bambanta da neman lasisin farko. Akwai kuma ƙaramin lasisi na LAPL mai awa 30, wanda makaranta kan iya yafe har rabinsu bayan ta gwada ɗalibi, amma bai cika ma'aunin ICAO ba, don haka amfaninsa bai wuce Turai ba sosai.

Wannan ne abin lura ga ’yan Damagaram mazauna Faransa da ke tara kuɗin aikatau don koyon tuƙi. Takardar ULM ta Faransa ta cikin gida ce. Wanda ya dawo da ita yana neman aiki, hukumar ANAC ce za ta yanke hukunci a Nijar, NCAA kuma a Najeriya, bisa irin jirgin, malamin da ya sa hannu da kuma makarantar.

ULM na koya wa hannu da ido tashi da sauka da karanta iska, kuma hakan na sauƙaƙa wa ɗalibi darussan gaba. Amma wanda burinsa aikin tuƙi ne, gara ya nemi amsa a rubuce daga hukumar da zai nemi lasisinta tun kafin ya biya kuɗin awar farko.