Birkin Hannu Na Lantarki: Aikin Ya Wuce Sufana Da Guduma

Duk wanda ya tuƙa Peugeot 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975, ya san birkin hannu: sanda ce a jikin direba, a ja ta, waya ta ɗame, tayoyin baya su kame. Yau kuwa sandar nan tana ɓacewa. Tun a 2001 kamfanin BMW ya fito da mota mai birkin hannu na lantarki, Volkswagen Passat ta biyo baya a 2005, Honda Accord ta 2018 ma haka take. Waɗannan motoci su ne ke shigo mana na hannu, kuma ma'aikatan gwamnati na daga cikin masu sayensu. Abin tambaya shi ne, shin garejinmu sun shirya musu?

Bari mu fayyace yadda abin yake, domin a nan ne ɓarnar take aukuwa. A yawancin irin waɗannan motoci, kowace tayar baya tana da ɗan ƙaramin injin lantarki manne da kalifa, watau muƙamuƙin ƙarfen nan da ke matse fatar birki a jikin faifai. Idan direba ya taɓa maɓalli, injin sai ya juya wata kusa mai zare, ita kuma ta tura fistin ya danne fatar. To, in fata ta cinye za a sa sabuwa, tilas fistin ya koma ciki domin sabuwar ta fi kauri. Amma kusar nan tana tsaye a bayansa, ba za ta ja da baya ba sai kwamfutar motar ta ba ta umarni. Bakaniken da ya matse fistin da ƙarfin tsiya yana iya lalata zaren kusar ko haƙoran injin, aikin sauya fata ya zama na sayen kalifa ɗungurungum, alhali kuɗinta ya ninka na fata sau da yawa.

Hanyar da masu ƙera motocin suka shimfiɗa ba ta da wuya. Ana sa birkin cikin yanayin gyara, ko dai da na'urar bincike da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, ko kuwa, a wasu motocin Ford da Mazda, ta hanyar taka totur da danna maɓallin bisa wani tsari. Sa'an nan injin ya janye kusar da kansa, a tura fistin a hankali, a sa fata, a fitar da motar daga yanayin gyara. Wajibi ne batir ya kasance da ƙarfi, domin in wuta ta yi rauni a tsakiyar aiki sai birkin ya maƙale. Kada kuma a motsa motar sai an taka birkin ƙafa sau da dama ya yi tauri, an duba man birki. Wasu kanikawa kan jona injin da batir kai tsaye don su kauce wa na'ura. Dabara ce, wani lokaci takan ci, amma sau da yawa takan bar fitilar gargaɗi a kunne, mai mota kuwa ya saba da ganinta har ya daina kula.

A ganinmu bai kamata a ɗora wa bakanike laifin duka ba. Ya koyi sana'arsa a kan motocin da ba su da kwamfuta, na'urar kuma tana da tsada ga mai gareji guda. Don haka muna kira ga ƙungiyoyin kanikawa, a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da sauran wurare, da su haɗa kuɗi su sayi na'urorin da membobinsu za su riƙa ara. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 domin irin wannan aiki, ya kyautu ya shirya musu gajerun kwasa-kwasai da Hausa. Makarantun koyon sana'a su ma su tabbatar ɗalibi ya taɓa irin wannan kalifa da hannunsa kafin a ba shi takardar shaida.

Mai mota kuma yana da nasa rabon. Kafin a kwance taya, ya tambayi bakanike yadda zai janye injin birkin. In amsar ba ta ambaci yanayin gyara ba, ya ɗauki makullinsa ya nemi wani gareji, in kuwa ta ambata, ya biya kuɗin na'urar ba tare da ciniki mai tsawo ba.