Kada Aikin Ɗalibanmu Ya Ƙare a Cikin Kabad

Duk shekara 'ya'yanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 da ke karatun kwamfuta a LASU, UNILAG ko Yabatech suna shafe watanni suna haɗa manhaja don kundin kammala karatu. Da zarar malamai sun ba da maki, sai a ɗaure kundin da bango mai tauri, a jefa shi kabad, shi ke nan. Ra'ayina shi ne aikin bai kammala ba sai an fitar da shi gaban mutanen da ba su san ɗalibin ba, kuma hanya mafi sauƙi ita ce fosta a taron masana.

Ga wanda bai saba ba, fosta babbar takarda ce guda, galibi girman A0, wato kusan santimita 84 da 119. Ɗalibi yana taƙaita aikinsa a kai, ya manna a allo, ya tsaya a gefe yana amsa tambayoyin masu wucewa. Cikinsu akwai malaman jami'a masu neman ɗaliban digiri na biyu da ma'aikatan kamfanoni masu neman ƙwararru.

Kada a ce wannan harkar wasu ce. A 2022, wata tawagar masu bincike da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero Kano ya jagoranta ta fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa, Yarabanci da Ibo, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suka tantance na yabo, na suka da na tsaka-tsaki. An gabatar da aikin a taron LREC, kuma masu bincike a wasu ƙasashe suna ɗora nasu aikin a kansa. Haka taron Deep Learning Indaba, wanda aka fara a Afirka ta Kudu a 2017, aka yi a Akara a 2023 da Dakar a 2024, yana ware lokaci na musamman don fostocin ɗalibai, yana kuma da reshen cikin gida mai suna IndabaX.

Yaranmu na Legas suna da abin da ɗaliban wasu wurare ba su da shi. Suna jin Hausa, Yarabanci da Burokan, kuma matsalolin da za a warware suna bakin ƙofarsu. Dillalin shanu a mayankar Oko-Oba yana riƙe lissafin bashi a ka ko a littafi. Mai kawo tumatir Mile 12 yana son sanin farashi kafin motarsa ta baro Kano. Mai gyaran waya a Computer Village yana buƙatar hanyar sanin wayar wa ya karɓa da ranar da zai mayar. Manhajar da aka gwada da irin waɗannan mutane goma ta fi ta rajistar ɗalibai da aka kwafa sau ɗari jan hankali.

Shawarata ga ɗalibai: ku fara rubuta ci gaban aikin tun makon farko, abin da ya yi da abin da ya ƙi, domin daga nan fostar za ta fito. A kan takardar a sa tambaya ɗaya, da yadda aka tunkare ta, da sakamako da alƙaluma, da inda manhajar ta gaza. Masana sun fi amincewa da wanda ya faɗi iyakar aikinsa. Rubutun ya zama wanda za a karanta daga taku biyu, hotuna su fi kalmomi yawa. Sannan ku koyi bayyana komai cikin minti biyu. Wanda ya sayi kundi a shagon buga takardu, tambayar farko za ta tona shi.

Na san wasu iyaye za su ce an gama biyan kuɗin makaranta da ƙyar, ina kuɗin taro? Gaskiya ne, shi ya sa nauyin ya kamata ya hau kan ƙungiya. Muna haɗa kuɗin biki da na suna, ba zai gagare mu ba mu biya wa ɗalibai biyu ko uku kuɗin buga fosta da na mota a shekara. Wasu tarukan ma suna ba da tallafin tafiya ga wanda aka karɓi aikinsa, sai dai a nema da wuri.

Abu na biyu ba ya cin ko sisi. A ware Asabar ɗaya, ɗalibai su manna fostocinsu a ɗakin taronmu, 'yan kasuwa da iyaye su zagaya su yi tambaya da Hausa. Ɗalibin da ya iya gamsar da Alhajin da ke sayar da albasa, farfesa ba zai ba shi tsoro ba. Ina roƙon shugabanninmu su sa wannan cikin ajandar zama na gaba, ɗaliban da ke ajin ƙarshe kuma su kawo sunayensu da taken aikinsu.