Kafin ka zuba kuɗin taki a tsohuwar kwandala, ɗora ta a sikeli

A ƙarshen kakar shinkafar da ta wuce, wani abokina da ke noma a yankin Kura ya zo min da wata kwandalar azurfa a nannaɗe cikin hankici. Hoton wata mata ce mai kauri a gefe guda, ɗaya gefen kuma gaggafa mai kai biyu, ga shekarar 1780 a rubuce ɓaro-ɓaro. Buhu shida na shanshera ya sayar ya biya, domin an ce masa abin ya haura shekara 240 a duniya kuma Turawa na nemansa ruwa a jallo. Kuɗin takin ranin bana ne ya tafi a ciki.

Wannan kwandala ita ce tsofaffinmu ke kira liyari, kuɗin sarauniya Mariya Tiriza ta ƙasar Ostiriya. Fatake sun daɗe suna shigo da ita ƙasar Hausa ta hanyar sahara, mata kuma suka mai da ita kayan ado. Abin da dillalin bai faɗa wa abokina ba shi ne, a 1780 ɗin sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata. An buga ta a Biyana, an buga a Landan da Paris da Rum da Bombai, har yau ma ba a daina bugawa ba. Adadinta ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Ke nan wadda aka ƙera bara da wadda aka ƙera zamanin Shehu Ɗanfodiyo duk shekara ɗaya ce a jikinsu.

Ra'ayina a nan shi ne, shekarar da ke jikin tsaba ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba. Abin mamaki, mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ba baƙin ciniki ba ne. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya fara bin kanal zuwa Kadawa, kuɗi ke shigo musu sau biyu ko uku a shekara. Manomin da ba zai yarda a auna masa shinkafa da kwanon da bai sani ba, wanda zai zazzage kwandon tumatir a Kwanar Gafan don ya ga abin da ke ƙasa, shi ne kuma zai karɓi ƙarfe a hankici ya biya ba tare da ya auna ba. Dalili kuwa, an haɗa masa da labari.

To, a auna. Liyari na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa kusan milimita 40, kuma kashi 83 cikin ɗari na jikinsa azurfa ce. Da muka ɗora na abokina a ƙaramin sikelin 'yan gwal, giram 22 ya nuna. Magana ta ƙare tun daga nan. Da muka duba bakinsa da kyau, sai ga siririn layi ya zagaye shi, alamar narka ƙarfe aka yi aka zuba a mazubi, ba bugawa aka yi ba. Na gaske rubutu ne mai tudu a bakin nasa. Ana iya gwadawa da mayen ƙarfe ma, domin ba ya kama azurfa ko zinare. Sai dai a kula, ba ya kama tagulla da dalma su ma, don haka in ya kama jabu ce, in bai kama ba kuwa ba a gama bincike ba. Ƙarar da take yi idan aka ƙwanƙwasa ta tana taimakawa, amma sai kunnen da ya saba, irin na maƙeran farfaru da ke Kurmi.

Ko da ta gaske ce, a mafi yawan lokuta darajarta ba ta wuce ta azurfar da ke cikinta da yawa ba, wato giram 23 da 'yan kai. Ka tambayi farashin giram a ranar, ka ninka, ka ga ko ya kai buhu shida.

Haka abin yake ga sisin gwal da ake saye don sadaki ko ajiya. Fam ɗin zinare na Ingila giram 7.98 ne, karat 22, rabinsa kuma giram 3.99. Akwai kwaikwayonsa da maƙeran ƙasashen Larabawa ke yi, wasu da zinare na gaske amma mai ƙarancin karat. Ba laifi ba ne a saya, muddin an faɗa maka abin da kake saye an kuma rubuta maka nauyi da karat a rasit.

Sai tsofaffin kuɗin da ke cikin adakar kakanninmu: anini, ɗari, kwabo mai huda da tauraro, taro, sisi, sule. Su ne aka fi yi wa ƙarya. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a Disambar shekarar kafin ya cika shekara guda, yana da labari mai daɗin ji, amma an buga shi da yawan gaske don Afirka ta Yamma, shi ya sa ba shi da tsada a wurin masu tara tsaba. Kobo 25 na 1973 mai hoton dalar gyaɗa ma haka, duk da cewa ni kaina ina ajiye da guda biyu saboda son Kano kawai. Abin da ke sa tsaba tsada shi ne ƙarancinta da kuma lafiyar jikinta. Wadda ba ta sha hannu ba, rubutunta da zanenta suna nan da kaifinsu, tana iya ninka wadda ta goge sau da yawa. Wadda aka huda aka rataya a wuya, ko aka yi mata walda a jikin sarƙa, ta zama ta nauyi kurum. Kuma don Allah a daina dirje su da toka da lemon tsami. Baƙin nan da ake gani a matsayin datti, masu saye na kallonsa a matsayin shaida, gogewar ce ke karya kuɗin.

Akwai kuma wasan da ya kamata kowa ya gane. Wani zai zo gari yana cigiyar wata irin kwandala, ya ambaci kuɗi mai gigita hankali, ya bar lambar waya. Bayan kwana biyu sai ga wani daban da irinta a hannu yana neman kai da ita da araha saboda matsuwa. Kai da ka saya sai ka kira na farko ka ji waya a kashe. Idan aka fara cewa kwandala tana jan shinkafa ko tana ɗauke da wani sinadari da ake haɗa makami da shi, tashi ka ba su wuri.

Tambaya ɗaya nake so mai saye ya yi wa mai sayarwa: in na dawo da ita gobe, nawa za ka karɓa? Mai shagon gwal na ƙwarai yana da amsa, zai faɗa maka abin da zai rage. Abokina ya koma kasuwar da suka haɗu da mutumin nasa sati uku a jere bai gan shi ba. Takin bana bashi ya ci, za a biya da shinkafa idan an yi girbi.