Yanke Ƙauna da Ɗaure Fuska: Harajin da Ma'aikaci Ke Biya da Lafiyarsa

Akwai wata magana da ta kusa zama gaisuwa a ofisoshin gwamnatin tarayya da ke Abuja: "Ai ƙasar nan ba za ta gyaru ba." Masinja na faɗinta, darakta na faɗinta, mataimakin ɗan majalisa ma na faɗinta idan maigidansa ya ba da baya. Daga wannan magana zuwa ɗaure wa mai bin fayil fuska, ko daka wa ƙaramin ma'aikaci tsawa a kan kuskuren da bai taka kara ya karya ba, tazarar ba ta da yawa. Yanke ƙauna da kaushin hali Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda ya cire rai daga samun alheri da wuya ya kyautata wa mutane zato, wanda kuwa ya daina kyautata zato kullum a shirye yake da faɗa. Duka biyun ɗabi'u ne da ake koya sannu a hankali, kuma abin da aka koya ana iya sauya shi.

Adalci ne a fara da amincewa cewa ƙuncin ma'aikaci yana da tushe. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga Nyanya, Mararaba, Kubwa, Suleja ko Gwagwalada zuwa Sakatariyar Tarayya ya zama wani babban kaso na albashi. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin wannan shekara, amma kuɗin haya da na makaranta ba su tsaya jiran kowa ba. Mataimakan 'yan siyasa kuma suna da nasu ciwon: aikinsu rataye yake da wa'adin maigida da kuma yanayin fuskarsa a kowace safiya. Duk wanda ya ce wa irin waɗannan mutane su yi murmushi kawai, bai san halin da suke ciki ba.

Masana sun daɗe da gano cewa aikin gwamnati yana da wani nau'in matsi na musamman. A 1967 aka fara wani bincike a Birtaniya a kan ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000, wanda aka sani da binciken Whitehall. An tarar cewa mace-mace a tsakanin waɗanda ke matakin ƙasa, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, ta ninka ta manyan jami'ai kusan sau uku. Zagaye na biyu, wanda Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 a kan maza da mata sama da 10,000, ya nuna cewa ɗaya daga cikin dalilan shi ne rashin iko a kan aikin da mutum ke yi. Wanda ba shi da ta cewa a kan yadda ranarsa za ta kasance ya fi fuskantar ciwon zuciya. Ma'aikacin da ke mataki na 06 a Abuja, wanda takardarsa ke kwana wata uku a teburin wani ba tare da ya san dalili ba, zai gane wannan hoto.

A wannan shekara ta 1967 ne kuma Martin Seligman da Steven Maier, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, suka bayyana abin da za a iya kira koyon gazawa. Sun ga cewa karnukan da aka saba musu da azabar lantarki wadda ba su da hanyar tsayar da ita, daga baya ko da an buɗe musu hanyar tsira mai sauƙi, yawancinsu kwanciya suke yi ba tare da sun gwada ba. Darasin a fili yake. Wanda ya sha bugun ƙofa a kulle yana iya daina taɓa ƙofa ko da a buɗe take. Matsalar ta fara ne daga waje, amma ta koma ta zauna a cikin tunani, har tana hana mutum ganin ɗan abin da ke hannunsa.

Daga baya Seligman ya nuna cewa mai yanke ƙauna yana da hanyoyi uku na fassara masifa: yana ɗaukarta a matsayin mai dawwama, wadda ta shafi komai, kuma wadda ta samo asali daga shi kansa. A ɗauki misalin ma'aikata biyu da suka faɗi jarrabawar ƙarin girma. Na farko ya ce ba zai taɓa ci ba, rayuwarsa duk ta lalace, dama shi ba ya da sa'a. Na biyu ya ce bana bai samu ba, guraben ba su da yawa, kuma bai karanta dokokin aikin gwamnati yadda ya kamata ba. Abu guda ne ya same su. Sai dai na biyu ya bar wa kansa abin yi kafin baɗi, na farko kuwa ya rufe littafin, ya koma yana huce haushinsa a kan duk wanda ya shigo ofishinsa.

Wannan huce haushi yana da farashi, kuma mai yinsa ne ke fara biya. A 1983 wasu masu bincike a Amurka, ciki har da Redford Williams na Jami'ar Duke, suka wallafa sakamakon bin diddigin likitoci 255 na tsawon shekara 25. Waɗanda tun suna ɗalibai aka auna su da yawan zargin mutane da saurin ƙiyayya sun kamu da ciwon zuciya sama da ninki huɗu na sauran. Jikin da ke cikin shirin faɗa a kullum yana ɗaga hawan jini, yana hana barci, yana gajiyar da zuciya. Haka nan ra'ayin da ke cewa gara mutum ya amayar da fushinsa don ya huta bai tsaya da ƙafarsa ba. A gwajin da Brad Bushman ya wallafa a 2002, waɗanda aka ɓata wa rai sannan aka sa su dukan buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu, sun fito da ƙarin fushi fiye da waɗanda suka zauna shiru na minti biyu.

Na biyu a biyan farashin shi ne talakan da ya zo neman haƙƙinsa. Tsohon da ya taso daga Gusau ko Yola don gyaran takardun fansho ba shi ne ya cire tallafin mai ba, amma shi ne ke shan tsawa. Wannan shi ne fushin kaza, huce kan dami. An kafa SERVICOM a 2004 don 'yan ƙasa su samu kyakkyawar kulawa a ma'aikatu, amma babu allon da za a liƙa a bango da zai maye gurbin halin wanda ke zaune a bayan tebur. Ga talaka, wannan ma'aikaci shi ne gwamnati. Mataimakin da ke tsare da ƙofar minista ko sanata ma haka: fuskarsa ce mutane ke komawa gida da ita a matsayin fuskar maigidansa.

Hanyar gyara ta farko ita ce mutum ya riƙa yi wa tunaninsa tambayar da yake yi wa takarda. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck, wanda ya kafa tsarin jinya ta hanyar gyaran tunani a shekarun 1960, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba shiri, kuma suna karɓarsu a matsayin gaskiya ba tare da bincike ba. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin cewa ba a amincewa da buƙatar kuɗi sai da hujja a manne. To, idan zuciya ta ce darakta bai amsa gaisuwa ba don yana gaba da shi, sai ya nemi hujja. Shin akwai wata fassara? Wataƙila daraktan ya fito ne daga taron da aka wanke shi tas. Rubuta abin da ya faru, abin da zuciya ta raya, da wata fassara ta daban, a ɗan littafi na minti biyar da dare, atisaye ne mai sauƙi da ke rage ƙarfin mugun zato idan aka lizimce shi. Hausawa sun riga sun faɗa cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Ta biyu ita ce raba abin da ke hannu da wanda ba ya hannu. Farashin dala ba ya hannun ma'aikaci, haka ma ranar da za a saki kuɗin kasafi. Amma fayil ɗin da ke gabansa yau yana hannunsa, haka koyon sabuwar ƙwarewa a kwamfuta, shiga ƙungiyar adashi ta ofis, da rubuta ƙorafi ta hanyar da doka ta tanada. Idan rashin iko ne ke haifar da ciwon, to, kowane ɗan iko da mutum ya dawo da shi hannunsa magani ne.

Ta uku ita ce jinkiri kafin martani. Saƙon da aka rubuta cikin fushi a bar shi ya kwana kafin a aika. Wanda ya ji ransa na tafasa ya tashi ya sha ruwa, ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo. Ta huɗu kuwa ta shafi jiki: babba na buƙatar barcin aƙalla awa bakwai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wanda ya bar gida da asuba don gudun cunkoson hanyar Keffi, ya kuma raba dare yana karanta labaran tashin hankali a waya, ya tara wa kansa itacen da ƙaramin tartsatsi zai kunna. Haka kuma ya kamata ya duba majalisar da yake zama. Hirar da kullum ke farawa da tsinuwa ta ƙare da tsinuwa tana ƙara wa mai rauni rauni.

Wasu za su ce duk wannan dabara ce ta kwantar da ma'aikata don su daina neman haƙƙinsu. Tarihin kwanan nan ya nuna akasin haka. Yajin aikin da ƙungiyoyin NLC da TUC suka shiga ranar 3 ga Yunin 2024, wanda ya kai ga kashe babban layin lantarki na ƙasa, mutanen da suka yarda cewa matsin lamba na iya sauya wani abu ne suka shirya shi. Mai yanke ƙauna ba ya zuwa taron ƙungiya, ba ya rubuta takardar ƙorafi, ba ya fita zaɓe, domin ya riga ya yanke hukunci cewa aikin banza ne. Babu wanda ya fi daɗi ga shugaban da ba ya son gyara kamar ma'aikacin da ya cire rai, wanda ke sauke fushinsa a kan na ƙasa da shi. Ganin matsala yadda take wajibi ne. Abin da ke kashe mutum shi ne yarda cewa haka za ta zauna har abada.

Manyan sakatarori da daraktoci ma suna da nasu nauyin. Bayyana wa ma'aikaci dalilin jinkirin takardarsa, ba shi damar tsara wani ɓangare na aikinsa, da yi masa gyara a ɓoye maimakon a gaban jama'a, duk ba sa buƙatar ko sisi daga kasafi. Sannan dole a san inda iyakar ƙoƙarin kai take. Idan baƙin ciki, rashin barci da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu, ko tunanin halaka kai ya fara zuwa, lamarin na likita ne. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin mai wannan lalura. Zuwa ganin likita ba abin kunya ba ne.

Ma'aikacin tarayya na iya shafe shekara 35 yana aiki kafin ya yi ritaya. Wannan lokaci ya yi tsawo a ce mutum ya ƙare shi da cije haƙora. Albashi na iya ƙaruwa ko ya tsaya, gwamnati na zuwa ta wuce, amma zuciyar da zai koma gida da ita guda ɗaya ce, kuma mutanen da ya ɗaure wa fuska su ne zai tarar a layin fansho. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wanda ya fara cin ribarta shi ne mai fuskar.