AIKIN DA KE CINYE MAI SHI

A hutun da ya wuce wani littafin Turanci ya zagaya hannuwanmu mu malamai, sunansa The Devil Wears Prada. Wata Ba'amurkiya, Lauren Weisberger, ta wallafa shi a 2003, bayan ta yi aiki a ƙarƙashin editar mujallar kayan ado ta Vogue. A 2006 aka mai da shi fim. Mun karanta shi har ƙarshe, amma da ɓacin rai muka ajiye shi, kuma muna so ɗalibanmu su san dalili.

Labarin wata yarinya ne, Andrea, da ta gama jami'a tana son zama marubuciya. Ta sami aiki a New York wurin Miranda, shugabar wata mujallar tufafi. Aka ce mata in ta daure shekara ɗaya, kowace ƙofa za ta buɗe mata. Daga nan ba dare ba rana. A kira ta da asuba, a aike ta sayen kofi, a sa ta nemo wa 'yan biyun uwar ɗakinta littafin da bai ma fito kasuwa ba. Iyayenta suka daina ganinta. Saurayinta Alex, malamin firamare, ya gaji da alkawuran da ba a cikawa. Ƙawarta Lily ta faɗa shan giya a gaban idonta, ba ta da lokacin tsawata mata.

Abin da ya ƙona mana rai shi ne, shafi bayan shafi Andrea tana ƙorafi, amma ba ta motsa ba. Ta raina aikin a zuci, tana kuma murna da takalma da rigunan da take samu a banza. Sai da Lily ta yi haɗarin mota ta kwanta asibiti ba ta san inda take ba, ita kuwa tana Paris, sannan ta ajiye aikin. Ashe sai rai ya kusa salwanta mutum zai gane abin da ya fi ƙarfinsa?

Kada a ce wannan matsalar Amurka ce. Duk wanda ya leƙa shagunan teloli a Birnin Kudu ko Gwaram mako biyu kafin Sallah ko Kirsimeti, zai ga yara masu koyon ɗinki suna kwana a kan keke, idanu jajur. Maigida ya karɓi yadi fiye da abin da zai iya ɗinkawa, yaro ne ke biya da barcinsa. Mun san wata tsohuwar ɗalibarmu da ta tafi Kano koyon ɗinki. Shekara biyu ba ta taka Kangire ba. Kakar da ta goye ta ta rasu a Disamba, ba a bar ta ta zo ba, wai akwai kayan biki a ƙasa.

Ga bambancin: Andrea tana da digiri da iyaye masu hali, ko ta bar aiki ba za ta kwana da yunwa ba. Yaranmu da yawa ba su da wannan gata. Saboda haka nauyin yana kan iyayen gida su ji tsoron Allah, yana kan iyaye kuma su zauna da maigida tun ranar kai yaro, a yanke lokacin tashi, da ranar ibada, da hutun zuwa gida.

Ya ku 'yan aji shida masu barinmu bana, ba mu ce ku guji wahala ba, domin ɗinki sana'a ce mai albarka, kuma babu gwanin da bai sha gumi ba. Amma an ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kafin ku karɓi aiki, ku tambayi abin da zai ci muku, ku kuma san abin da ba za ku bayar ba ko nawa aka biya. Kada ku jira labarin asibiti kamar Andrea.