Jinjina ga Janar Hans Oster, amma da sauran rina a kaba

Da asubahin 9 ga Afrilun 1945, a sansanin gwale-gwale na Flossenbürg da ke kudancin Jamus, dakarun SS na 'yan Nazi suka tuɓe wa wasu fursunoni tufafi, suka rataye su. Cikinsu akwai Admiral Wilhelm Canaris, tsohon shugaban Abwehr, wato hukumar leƙen asirin sojan Jamus, da fasto Dietrich Bonhoeffer, da Manjo Janar Hans Oster. Mako biyu kacal bayan haka sojojin Amurka suka iso ƙofar sansanin. Oster ɗin nan, wanda sunansa bai yi tambari kamar na sauran ba, shi nake so in jinjina wa.

Ɗan fasto ne, an haife shi a Dresden a 1887. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ci gaba da aikin soja har 1932, lokacin da wata alaƙa da matar aure ta raba shi da kaki. A 1933 ya shiga Abwehr, kuma ba abin ɓoyewa ba ne cewa da farko ya yi maraba da zuwan Hitler, kamar yawancin hafsoshin zamaninsa. Idonsa ya fara buɗewa ne a ƙarshen Yunin 1934, sa'ad da 'yan Nazi suka bindige Janar Kurt von Schleicher da Janar Ferdinand von Bredow, wanda ya taɓa shugabantar Abwehr, ba tuhuma ba shari'a. Manyan soja suka yi gum. Oster bai manta ba.

Daga 1938 yana riƙe da sashen tsakiya na hukumar, inda takardu da kuɗi da fasfo suke bi ta hannunsa. Da wannan kujera ya haɗa kan hafsoshi da farar hula don kifar da Hitler a Satumbar 1938, muddin ya auka wa Cekosulobakiya. Sai Birtaniya da Faransa suka je Munich suka miƙa wa Hitler yankin Sudeten na Cekosulobakiya a ruwan sanyi, shirin ya wargaje.

Abin da ya yi daga baya shi ne ya fi nauyi, kuma a kansa aka daɗe ana jayayya. Yana da aboki, Manjo Bert Sas, jami'in soja a ofishin jakadancin Holan da ke Berlin. Daga ƙarshen 1939 Oster ya riƙa tsegunta masa ranar da Jamus za ta mamaye Holan da Beljiyam, ƙasashen da ba su tsoma hannu a Yaƙin Duniya na Biyu ba. Hitler ya yi ta ɗage ranar, fiye da sau ashirin, kowane ɗagewa kuma sai ya mai da gaskiyar Sas tamkar ƙarya a idon shugabanninsa, har babban kwamandan Holan na lokacin, Janar Reijnders, ya daina yarda da shi. Daren 9 ga Mayun 1940 Oster ya tabbatar masa cewa gobe ne. Washegari aka kai harin, a ranar 14 aka yi wa Rotterdam ruwan bama-bamai, a ranar 15 Holan ta miƙa wuya.

Oster ya san cewa in an ji gargaɗinsa, 'yan uwansa sojojin Jamus ne za su mutu. Na daɗe ina juya wannan a raina, don ba ƙaramin abu ba ne soja ya buɗe wa baƙo sirrin rundunarsa. Hukuncina shi ne ya yi daidai. Wanda ya ga maigidansa na wasa wuƙa don yanka maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba, ya je ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcin ƙofa, bai ci amana ba. Kuma a 1942 shi da abokin aikinsa Hans von Dohnanyi suka fitar da Yahudawa 14 zuwa Siwizalan da sunan wai 'yan leƙen asirin Abwehr ne. Binciken kuɗin wannan aiki na cikin abin da ya kai ga kama Dohnanyi a ofis ranar 5 ga Afrilun 1943, inda aka ga Oster yana ƙoƙarin ɓoye wasu takardu, aka dakatar da shi. An kama Oster ranar 21 ga Yulin 1944, kwana guda bayan bam ɗin da wani hafsa mai suna Stauffenberg ya ɗana ya kuskure Hitler.

To, ina hakkinsa ya kwana bayan yaƙi? A 1956 babbar kotun tarayyar Jamus ta wanke Otto Thorbeck, alƙalin SS da ya yanke masa hukuncin kisa a shari'ar da ba lauya mai kare wanda ake tuhuma. Sai a 1998 majalisa ta soke hukunce-hukuncen zalunci na zamanin Nazi, sai kuma 2009 aka wanke waɗanda aka hukunta da sunan cin amanar yaƙi. An yi abin kirki, kuma Jamus ta cancanci yabo a kansa, ko da yake iyalan mutanen nan sun kwashe shekaru masu yawa ana nuna su da yatsa.

Sauran aikin na wuyan masu horar da soja. Kowace 20 ga Yuli ana taruwa a Berlin a tuna da Stauffenberg, har sababbin sojoji kan yi rantsuwa a ranar. Yabon wanda ya ɗana wa azzalumi bam abu ne mai sauƙi a baki. Labarin Oster ya fi ɗaci, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa a zaunar da matasan hafsoshi a karanta musu shi ba tare da an rage komai ba: goyon bayan da ya bayar a 1933, da shirun manya a 1934, da rayukan da ya san gargaɗinsa zai ci. A kuma haɗa musu da darasin Holan, inda sahihin bayani ya yi ta isowa ofishin manya wata bayan wata, aka ce mai kawo shi ya cika ƙararrawa, har jiragen Jamus suka bayyana a sama da asubahin 10 ga Mayu.