Google Maps ba alƙalin iyaka ba ne, a duba garin Baarle a gani

Matasa da yawa sun ɗauki Google Maps tamkar alƙali: duk inda ya ja layi, to nan ƙasa ta ƙare. Mai wannan tunani ya kamata ya rubuta Baarle a wayarsa. Gari ne guda a kan iyakar Holan da Beljiyam, amma guntayen ƙasar Beljiyam 22 ne a warwatse cikin Holan, sannan a cikin wasu daga cikinsu akwai guntayen Holan guda 7. Layin iyaka yana ratsa tituna da shaguna, har da ɗakunan kwana. Ƙofar shiga gida ce ke nuna ƙasar da gidan yake. A 2020, lokacin kullen korona, an taɓa tare rabin wani kantin tufafi da igiya, saboda dokar Beljiyam ta hana ciniki a ɓangarenta alhali ta Holan ba ta hana ba.

Idan aka janye hoton baya kaɗan a waya, ƙananan guntayen sai su ɓace. Wannan ba laifi ba ne, domin an gina manhajar ce don ta kai mutum inda zai je, ba don raba gardamar fili ba. Aikin taswirar safiyo ke nan, wadda ke nuna tudu da kwari da rafi da gefen gona. A ma'aunin 1:25,000, santimita huɗu a takarda kilomita ɗaya ce a ƙasa, don haka ɗan fegi ma yana samun wurinsa. Kuma ba sai an je ofis ba: OpenTopoMap kyauta ne, yana buɗewa a burauzar waya.

Amfanin kwatantawa ya fi fitowa a Madha, wani yankin Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kewaye ta ko'ina, a tsakiyarsa kuma ga ƙauyen Nahwa na masarautar Sharjah. A taswirar hanya, zobe ne kawai cikin zobe. Sai an kunna mai nuna tsaunuka ake ganin duwatsun Hajar da kwaruruwan da mutane suka zauna a ciki.

Sai batun shekara, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Indiya da Bangaladash sun yi musayar irin waɗannan yankuna 162 a 2015. Cikinsu har da Dahala Khagrabari, gonar Indiya da ke cikin Bangaladash, cikin Indiya, cikin Bangaladash kuma. Har yau tsofaffin hotunan taswirarta na yawo a Facebook da TikTok a matsayin abin mamakin da ke nan daram, alhali an shafe ta.

Google ma yana tuntuɓe. A 2010 wani kwamandan Nikaragwa ya kafa hujja da Google Maps bayan sojojinsa sun shiga yankin da Kosta Rika ke cewa nata ne, daga baya kamfanin ya gyara layin. Haka kuma iyakar Kashmir da mai waya ke gani daga Indiya ba ita ake nuna wa wanda ya buɗe daga wata ƙasa ba.